Amsar Goggo Kan Kwanon Kirsimeti

'Yata, saƙonki ya iso. Ina gaishe ki da maigidan, da fatan kuna lafiya. Kin ce bana ba za ku samu zuwa gida ba saboda aikinsa da tsadar mota, ga shi kuma wannan ne Kirsimetinki na farko a ɗakinki. Kina tambaya ko dole ne ki yi rabon abinci irin namu na Wusasa ta Zariya, tunda tsakaninki da maƙwabtanki a Abuja daga ina kwana sai ina wuni, ko kuwa ku dafa daidai cikinku, in an taso daga sujada ku tafi wurin shaƙatawa ku huta. Kin kuma tambayi dalilin da ya sa kakanki ba ya yanka da hannunsa sai ya aika a kira malam.

Ki yi rabon, 'yata. Ba dokar coci ba ce, babu kuma fasto da zai tuhume ki idan kin bari. Amma a gidanmu ba a taɓa cin shinkafar Kirsimeti ƙofa a rufe ba, ba na kuma so a fara daga kanki.

Bari in fara da batun yanka, domin shi ne tushen sauran. Kin san Wusasa ba daga nesa aka kwaso mutanenta ba. A cikin birnin Zariya mishan ta fara zama, sai a 1929 ta komo nan, aka gina majami'ar Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, wadda har yau tana tsaye. Da yawa daga waɗanda suka biyo ta sun bar iyaye da 'yan'uwa Musulmi a birni da ƙauyuka. To mutumin da wansa Musulmi ne, ƙanwar uwarsa Musulma ce, yaya zai yanka dabba ta hanyar da zai hana su ci? Shi ya sa kakanki ke kiran malam, ko ya kai akuyar wurin mahauci. Mu ba abin da ya rage mana a bangaskiyarmu, su kuma sun samu natsuwar sa hannu a kwano. Kin ga ba tsoro ba ne, ba kuma neman suna ba, lissafin mai gida ne wanda ya san su wa zai ciyar tun kafin wuƙa ta taɓa wuya. In Sallah ta zo, su ma cinyar rago sukutum take shigo mana, ga tuwon shinkafa da miyar taushe.

Abin da nake so ki gane shi ne, a wurinmu bikin ba ranar 25 ga Disamba yake farawa ba. Tun kaka ta kammala, dawa da masara sun shiga rumbu, hunturu ya sauko leɓe ya fara tsagewa, gida ya ɗauki wani irin motsi. Mata sun kwashi adashensu, an kai ɗinki wurin tela, ana ta sintiri ana roƙonsa kada ya saɓa alkawari. Maza sun haɗa kuɗin watanda, a sayi sa guda a yanka a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba, har kayan ciki da ƙashi sai an raba daidai. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, a haɗa shi da wani su raba kashi ɗaya. Ta haka ne gidan gwauruwa ma ke tashi da ƙamshin suya. Ki gaya wa maigidanki ya tambaya a cocinku ko wurin aikinsa, da wuya a rasa masu yin watanda, kuma ya fi sayen kilo a kasuwa sauƙi a wannan lokacin.

Ranar cincin kuwa, ai kin tuna. Uwarki ta kwaɓa fulawa da sukari da bota da ƙwai a babbar roba, ta ɗan kankare gyaɗar ƙamshi a ciki. Ɗaya na murzawa da kwalba a kan faranti, biyu na yankawa da wuƙa, ni ina bakin murhu da matsami ina kwashewa kafin ya yi duhu. Ku yara kuna kewaye da mu wai kuna taya aiki, rabin ɗanyen ƙullin yana tafiya baki. A nan ake yin hirar shekara duka: wa ya haihu, wa aka sa wa rana, wa ya yi fushi da wa, yaya za a shirya su kafin su haɗu a coci. Sai dare ya raba a juye cincin a bokiti mai murfi a kai ɗakin kakarki, don ita kaɗai ce ba a iya yi wa wayo. Ni a ganina wannan zaman ya fi ranar bikin kanta daɗi. Saboda haka kada ki sayi na leda ki ce kin huta. Ki kira wata ƙawarki ko matar maƙwabci ku yi tare, ko mudu ɗaya ne.

Daren 24 ba a barci sosai. Ana soya nama, masu kitso suna ƙarasawa, 'yan mata sun ƙunsa lalle, matasa suna bi gida-gida da waƙoƙin haihuwar Almasihu cikin sanyi, a ba su shayi ko kunu. Da asuba an ɗora tukunya. Kafin a buga ƙararrawar sujada shinkafa ta nuna, miya ta soyu, an zuzzuba a kwanuka an jera. Yara sun sa sababbin kaya, kowa da kwanonsa a ka, an gaya masa gidan da zai kai da gaisuwar da zai yi. Akwai tsari a ciki: tsofaffi da marasa lafiya tukuna, sai surukai, sai maƙwabta na kusa, sannan na nesa. Kwano kuma ba ya dawowa wofi. Wani ya sako goro, wata ta sako ƙwai ko gyaɗa, yaron kuma a ba shi tukuicinsa. Yawancinku a wannan aiken kuka san gidajen dangi, kuka koyi durƙusawa ku gaida babba.

Na san abin da ke ranki, zamani ya canja. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni sun rabu, a Kaduna har kogi ya zama kamar iyaka, kwanuka da yawa suka daina tsallakawa. Ku da ke Abuja kuma ba ku manta da bam ɗin da aka tayar a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011 ba. Ba na raina tsoron kowa. Amma na lura inda aka ci gaba da aika kwano, ko an samu saɓani akwai fuskar da za a duba a ji nauyi. Inda aka daina, yara sun taso ba su san sunan maƙwabcinsu ba.

Sai dai ki yi da hankali. A cikin Musulmi akwai masu karɓar abincin Kirsimeti hannu bibbiyu, akwai kuma waɗanda malamansu suka ce su ƙaurace masa. Idan wata ta ce miki ta gode amma ba za ta karɓa ba, kada ki ɓata rai, kada kuma ki kai maganar gaba. Addininta take kiyayewa, ba ke ta ƙi ba. Ki bari bayan biki ya wuce ki aika wa 'ya'yanta lemo ko rake. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambaya tun da wuri, cikin raha, ki kuma faɗa mata inda aka yi yankan. Kada ki manta da mai gadin gidanku, da mai kawo muku ruwa, da ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa da bai samu tafiya gida ba. Su ne farkon waɗanda zan zuba wa da ni ce ke. Kwano biyar ma ya isa a shekarar farko, ba gasa ake yi ba, kada ki ci bashi don a ce amarya ta yi bajinta.

Batun hutu da fita kuwa, ban hana ki ba. Mu ma muna da namu. In an taso daga sujada, Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, sun gama kaɗa tulu sun yi rawa da ankonsu, sai a dawo a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Baƙi na shiga suna fita har magariba, ga zoɓo da kunun zaƙi, maza suna dara ko ludo a gindin bishiya, da dare a hura wuta yara su kewaye kakarsu da gatanan gatananku. Washegari, 26 ga wata, ita ce ranar yawo. Gwamnati ma ta ba da hutunta. Matasa su hau dutsen Kufena da sauran soyayyen nama a leda, da yamma a buga ƙwallo tsakanin magidanta da samari, gari duk ya fito kallo. To ku ma ku yi haka. Ranar 26 ku tafi Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, ku sha iska yadda kuke so. Amma ranar 25 ki zauna a gida, ki bar tukunya da saura, domin wanda kika aika wa kwano da safe yana iya zuwa yi miki barka da yamma, bai kamata ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba.

Ki kira surukarki tun da sassafe kafin ta kira ki, ki kuma aika mata da nata ko turmin zane ne, wannan haƙƙinta ne a shekararki ta farko. Zan ba direban da ke zuwa Abuja ƙullin daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, da ɗan zoɓo na gonarmu, ki sa a karɓa a tasha. Idan cincin ɗin ya yi miki tauri, botar ce ta yi kaɗan, ki ƙara a kwaɓi na biyu. Ki gaida maigidan, ki ce masa Goggo na jiran ku da Ista.