Amsa: Mantiƙin zaure daga Girkawa ya fito?

Malam, ka tambaya ko mantiƙin da ake karantawa a zaure, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, asalinsa na Girkawa ne, eh haka ne, tushensa Aristotal ne ɗalibin Aflatun, wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Bagadaza zamanin Abbasiyawa aka juya littattafansa zuwa Larabci, Farabi, masanin falsafa Musulmi, ya yi ta sharhinsu har ake ce masa malami na biyu bayan Aristotal. Kai, Imam Gazali ma da ya ragargaji 'yan falsafa a littafinsa Tahafut bai yar da mantiƙi ba fa, sai ma ya shigo da shi cikin usulul fiƙhu, kuma Sullam ɗin Akhdari, waƙen mantiƙin da ɗalibai ke haddacewa, daga wannan silsilar ya gangaro.