Rashin cin gasa ba hukunci ba ne a kan baiwarki

'Yar'uwa, kin ce labarinki bai yi nasara a gasa ba, har kin fara tunanin ko ba ki da baiwar rubutu, kuma kina tambaya ko ki ajiye alƙalami. Ina roƙon ki kada ki ajiye.

Ki duba gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016: mata ɗaruruwa suna aika labarai a kowace shekara, amma uku kaɗai ke lashe kyauta, don haka dole ne labarai masu kyau da yawa su faɗi, sau da yawa saboda ƙa'idar adadin kalmomi.

Abin da ya fi damuna shi ne ki yanke wa kanki hukunci tun ciwon yana ɗanye. Ki ajiye labarin na wata guda, sannan ki karanta shi da babbar murya, domin kunne yakan kama jimlar da ido ya tsallake. Bayan haka ki ba marubuciyar da ta riga ki, ko ki kai shi zaman karatu na reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya (ANA) mafi kusa, ki nemi a nuna miki daidai inda labarin ya yi sanyi.