Amsa ga mai tambaya kan yaronta ɗan wata 20 da bakinsa bai buɗe ba

Salamu alaikum 'yar uwa, tun safe na ga tambayarki amma sai yanzu da yaran suka yi barci na samu zama. Kin ce yaronki watansa 20, daga mama sai baba sai a'a, duk abin da yake so sai dai ya kamo hannunki ya ja ki wajen ko ya nuna da yatsa, in baki gane ba ya zube ƙasa yana birgima yana tsala ihu, kuma kakarsa ta ce ki ƙyale shi maza dama nauyin baki gare su, babansa kuma ya ce yare biyun da kuke yi masa ne ya rikita shi. Wallahi ina karantawa sai na ji kamar ni na rubuta shekara uku da suka wuce, shi yasa zan ɗan ja zancen, ki yi haƙuri da ni.

Yarana biyu ne. Babbar mace ce, ita kam aku ce tun tana ƙarama, kafin ta cika shekara ta fara kiran sunan abubuwa, tana shekara ɗaya da rabi har ƙara take kawo min. To sai na ɗauka haka kowane yaro yake. Da ƙaninta ya zo, ya yi gwarancinsa na bababa dadada kamar kowa wajen wata bakwai zuwa takwas, ya ce mama daidai lokacin da ya fara tafiya, daga nan shiru kake ji, wata ya bi wata ba ƙari. Ni ma an faɗa min zancen maza, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, mata kan ɗan riga maza buɗe baki amma tazarar ƙarama ce, ba wadda za ta sa uwa ta naɗe hannu ta zauna ba ce. Ni na zauna, kusan wata huɗu ina cewa bari mu gani, har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Abu na farko da zan ce ki yi, tun yau, ki buɗe wayarki ki fara rubuta duk kalmar da yake faɗa har kwana bakwai. Dalili kuwa mu iyaye mun fiye tsauri wajen ƙirga. Ni da likita ta tambaye ni kalma nawa yake da ita cewa na yi huɗu, sai ta ce in ya ga mota me yake yi, na ce buuu yake cewa, ta ce to wannan kalma ce. In ya ga mage fa, na ce miyau, ta ce ita ma kalma ce. Luwa da yake cewa maimakon ruwa, da kalmar ta da yake faɗa in yana son takalmi, duk suna cikin lissafi matuƙar kullum abu ɗaya yake nufi da su kuma shi ya faɗa da kansa ba maimaita bakinki ya yi ba. Da na koma gida na rubuta da gaske 16 na samu. Kuma na yaren biyu haɗa su ake yi a ƙirga tare, don haka ki gaya wa babansa cikin ruwan sanyi cewa yare biyu ba ya hana yaro magana, yara miliyoyi a duniya da biyu ko uku suke tashi, zai riƙa cakuɗa su a jimla ɗaya na wani lokaci kuma wannan ba rikicewa ba ce, da kansa zai ware su. Kar ku jefar da yaren da kuka fi sakewa a cikinsa saboda tsoro.

Ma'aunin da likitocin yara suka fi amfani da shi dai shi ne kalmar farko wajen cikar shekara, sannan in yaro ya kai shekara biyu a samu kalmomi wajen 50 kuma ya fara haɗa biyu, irin mama zo, ba ni ruwa, baba tafi. Naki saura wata huɗu ya kai nan, kuma tsakanin wata 18 da 24 ne yara da yawa bakinsu ke ɓallewa lokaci guda kamar an kunce famfo. Amma ni a ganina yawan kalmomin ba shi ne babban abin dubawa ba, abin da ya fi shi shi ne yana fahimtar abin da ake ce masa, kuma yana neman ya isar miki da saƙo ko da ba da baki ba. Wannan jan hannun da nunin da kike ganin rigima ce, alama ce mai kyau, magana ce yake yi da abin da yake da shi.

Nan ne ni na sha mamaki. Da za a ce in rantse cewa ɗana yana jin komai da na rantse, don in na ce ɗauko takalminka sai ya ruga ya ɗauko. Ashe hannuna da idona yake bi, ina faɗa ina kallon takalmin ina nunawa, ga mayafi a kafaɗata ya san fita za a yi. Likitar ce ta ce in gwada ba nuni ba kallo, in tsaya a bayansa in yi magana da murya daidai ba ɗagawa. Na gwada a ɗakin nan take, na kira sunansa sau uku a hankali yaron nan ko gezau, sai da na ɗaga murya ya waiwayo. Gabana ya faɗi. Na ce amma fa yana jin bugun ƙofa, yana jin ƙarar waya daga wani ɗaki, ta ce jin ƙara daban, jin ƙananan sautukan da ke cikin kalma daban. Aka duba kunnen aka yi gwajin ji, sai ga shi ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa duka biyu, sanadin murar da yake ta yi a kai a kai, kuma abin ba lallai ya yi ciwo ko zazzaɓi ba shi yasa ban taɓa lura ba. Ta ce in toshe kunnuwana da yatsu wani ya min magana, to kusan haka yake jin mu. Yawanci ruwan yakan janye da kansa cikin kamar wata uku, don haka ba a yi masa komai ba sai sa ido da komawa a sake dubawa, wasu yaran ne in ya ƙi tafiya ake saka musu ɗan ƙaramin bututu a kunnen. Namu Allah ya taimaka ya washe. Ban ce abin da ke damun naki ke nan ba fa, ni ba likita ba ce, cewa nake gwajin ji ba shi da zafi kuma shi ake fara yi wa duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ki je a yi ki huta da zullumi.

Sai dai kunnen ba shi kaɗai ba ne, mu ma a gidan muna da laifinmu. Yayarsa ta zama tafintarsa, kafin ya buɗe baki ta ce Mama kofinsa yake so, Mama cewa ya yi a ɗauke shi, ni kuma don in huta da kukan ko yatsa ya ɗaga na miƙa masa. To yaron da ake biya wa buƙata kafin ya nema me zai sa ya wahalar da bakinsa. Sannan in na tuna da damuwata sai in tsare shi kamar mai jarrabawa, ce ruwa, ce ruwa mana, ce kofi, shi kuwa ya ɗaure fuska ya kau da kai, wani lokaci har in riƙe kofin in ce sai ya faɗa, mu ƙare da kuka ni da shi. Wannan bai taɓa ƙara masa kalma ko ɗaya ba, gaskiya.

Abin da ya yi aiki mai sauƙi ne har na raina shi da farko. In ya nuna abu sai in durƙusa daidai tsayinsa ya ga bakina, in ce ruwa kake so? ruwa, sai in yi shiru ina ƙirga biyar a zuciyata ina kallonsa kamar mai jiran amsa. Shirun nan shi ne mai wuyar, ba ki san daƙiƙa biyar na da tsawo ba sai kin gwada. Ya faɗa bai faɗa ba zan ba shi, amma na bar masa gurbi. Sai kuma zaɓi, maimakon in tambaye shi me kake so wanda ya fi ƙarfinsa, sai in ɗago riguna biyu in ce ja ko fara, in ɗago ƙwallo da mota in ce wanne. In ya faɗi kalma ɗaya in ƙara masa ɗaya a kai, ya ce mota in ce eh mota ta tafi, ya ce luwa ba zan ce ba haka ake cewa ba, sai dai in ce ga ruwa, ruwan sanyi, ya ji daidai ɗin ba tare da an kunyata shi ba. Tsamin baki kam ki manta da shi yanzu, irin su r sukan ɗau lokaci kafin su zauna, yaro ɗan shekara biyu ma baƙo rabin maganarsa kawai yake ganewa, sai wajen shekara huɗu ne kusan kowa ke gane shi tas.

Kuma ban ware wani lokaci na darasi ba don ba ni da shi. Wajen wanka nake surutuna, ga hannu, mu wanke ƙafa, ina ciki, ruwa ya zube, wajen canza famfas haka, wajen shanya kaya ya riƙa miƙo min ina kiran sunan kowanne. Akwai wani littafi mai hotunan dabbobi da muka buɗe ya fi sau ɗari har bangonsa ya cire, ni na gaji da shi shi bai gaji ba, ashe maimaicin ne abincin ƙwaƙwalwar tasu. Waƙa ma haka, in rera wadda ya sani in tsaya kafin kalmar ƙarshe in zuba masa ido, ranar da ya fara cike min gurbin nan sai da na yi ƙwalla. Yayar kuma ban hana ta ba don ranta zai ɓaci, aiki na ba ta, na ce ke ce malama, malama kuma tambaya take yi ta jira ɗalibi ya amsa.

Zancen waya kuwa bari in faɗi gaskiya ko da za a yi min dariya, yaron nan yakan yi awa uku a rana yana kallon katun, ina aiki ina jin daɗi wai yana koyon magana tunda masu waƙar haruffa nake saka masa. Ba abin da ya koya sai dangwala allo da neman rimot. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 cewa ta yi yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Katun ba ya jira yaro ya amsa, ba ya ganin abin da yaron ke kallo balle ya kira masa sunansa. Ban iya yankewa rana ɗaya ba, a hankali na janye, kwana ukun farko gidan kamar filin yaƙi. Ni ma sai da na rage tawa wayar, don sau nawa zai zo yana min gwaranci ina cewa uhm uhm idona na kan allo.

Akwai abubuwan da in kin gani ba a jira ko sati ɗaya. In ba ya waiwayowa in an kira sunansa, in ba ya nuna miki abu don ki gani tare da shi, in ba ya haɗa ido da mutane, ko kuma yana da kalmomi da can sai suka ɓace. Daga yadda kika kwatanta naki ban ji waɗannan ba, amma ke kike tare da shi. In ya cika biyu bai fara haɗa kalma biyu ba ki nemi likita ya tura ku wajen ƙwararrun da ke taimaka wa yara kan magana, zuwa da wuri ba ya cutar da kowa.

Namu dai wajen wata 25 abin ya ɓalle, sai ga sabuwar matsala. Duk namijin da ya gani a hanya baba ne, da ƙarfi kuma, duk mai ƙafa huɗu mage ce har saniya. Birgimar nan ta ragu sosai da ya samu kalmomin faɗin abin da yake so, amma a'a ta karɓi wurinta, ko abin da yake so ka miƙa masa sai ya ce a'a tukun ya karɓa. Wajen shekara uku saura ya ɗan yi in'ina, ma-ma-mama ni-ni-ni, hankalina ya sake tashi, aka ce min yara da yawa kan yi hakan tsakanin shekara biyu da biyar lokacin da tunaninsu ya fi bakinsu gudu, kar in ƙarasa masa kar in ce ya nutsu, in saurara kawai, in ya wuce wata shida ko yana matse fuska yana wahala in dawo da shi. Cikin wata biyu in'inar ta tafi. Ki kuma fara kiyaye bakinki tun yanzu don duk shirun nan naɗa yake yi, ni wata rana na yi tsaki na ce baƙin nan ba sa tashi tafiya ne, ban san yana bayana ba, ya taka har falo ya tsaya gabansu ya ce Mama ce ku tafi, tas ba tsamin baki ko ɗaya, ranar na rasa inda zan sa kaina.

Gobe da safe in yana wasa ki zagaya bayansa ki kira sunansa a hankali, sannan ki ce ya ɗauko miki wani abu da ya sani ba tare da kin kalli wajen ba, ki haɗa da jerin kalmomin nan na kwana bakwai ki tafi da su wajen likita, zai fi saurin gane inda aka tsaya. Ki dawo ki gaya mana nawa kika ƙirga. Allah ya raya mana su, ya buɗe bakinsa da alheri.