Hoton matar da ta ɗora iguwana a ka, tsafi ne ko kasuwa?

Tambaya: Malam, na ga wani tsohon hoto mara kala na wata mata 'yar Meksiko da wasu dabbobi masu kama da damo jere a kanta. An ce shahararre ne. Tsafi ne, ko wata ibada ce ta mutanen can? Ko mai ɗaukar hoton ce ta shirya ta haka?

Amsa: Malama, babu tsafi a ciki. Kasuwa baiwar Allahn ta je da hajarta. Iguwana ake kiran dabbobin, kuma a garin Juchitán na jihar Oaxaca, inda 'yan ƙabilar Zapotec suka fi yawa, nama ne da ake ci, musamman a makon da ke gaban bikin Ista. Mata ke kawo su da ransu, a ka.

Graciela Iturbide ce ta ɗauki hoton a 1979. Haifaffiyar birnin Meksiko ce, a 1942, ta koyi aiki a hannun shahararren mai ɗaukar hoto Manuel Álvarez Bravo, kuma mai zane Francisco Toledo ne ya gayyace ta garin. Ta yi kusan shekara goma tana zuwa tana komawa, tana zama da matan kasuwar, kafin ta fitar da littafin hotunan a 1989.

To, ina aka samo kwarjinin da kika gani? Daga hannun mai hoto. Ta ɗauka ne daga ƙasa, sai matar ta yi tsayi, haɓarta a ɗage, idonta can nesa, dabbobin kuma kowacce ta miƙe wuya ta fuskanci wani ɓangare. Ba sau ɗaya ta danna ba. A wasu hotunan da ta ɗauka a wannan tsayuwar matar dariya ma take yi, amma Iturbide ta zaɓi wanda fuskar take a ɗaure. Sannan ta raɗa masa suna "Nuestra Señora de las Iguanas", wato "Uwargijiyarmu ta Iguwana", irin laƙabin da 'yan Katolika ke ba Maryam mahaifiyar Annabi Isa, kamar ta Guadalupe da Meksiko ke ji da ita. Wato ta ɗauki 'yar kasuwa, 'yar asalin ƙasar da aka daɗe ana rainawa, ta ajiye ta a kujerar waliyyai. Mutanen garin sun karɓi abin, har mutum-mutumin matar suka kafa.

Sai dai a yi hattara. Hotunan nan sun taimaka wajen yaɗa zancen cewa Juchitán gari ne da mata ke mulki. Gaskiya ne kasuwa da juya kuɗin gida suna hannunsu, maza na gona da kamun kifi, amma matan garin da yawa ba su yarda da wannan kirarin ba. A ganina suna da hujja: mai kallo daga nesa yana ganin sarauniya, ya manta da asubancin da take yi da nauyin da ke wuyanta.

Idan kina son wani misali, nemi hotonta mai suna "Mujer Ángel", wato "Mace Mala'ika", shi ma na 1979. Wata mata ce 'yar ƙabilar Seri, ta ba da baya, tana gangarawa hamadar Sonora da doguwar riga, gashi a sake, rikoda a hannunta na dama. Ba Iturbide ce ta miƙa mata rikodar ba, kayan da mutanen Seri ke samu ne ta musayar sana'ar hannunsu da Amurkawa.