Tun da na samu ciki zazzaɓi ya sa ni gaba, ina garkuwar jikina ta tafi?

Tambaya: Likita, cikin fari gare ni, wata biyar. Kafin aure sai in shekara biyu ban kwanta zazzaɓi ba, amma yanzu sau biyu ke nan ana gwada ni ana samun maleriya. Surukata ta ce ciki ne ya cinye mini garkuwar jiki. Haka ne?

Amsa: Allah Ya raba lafiya, 'yar'uwa. Maganar Hajiya da ƙamshin gaskiya, sai dai garkuwar tana nan, aiki aka sauya mata.

Abin da ke cikinki rabin halittarsa daga mahaifinsa ya fito, don haka baƙo ne a wurin jikinki. Ita kuwa garkuwa aikinta korar baƙo. Shi ya sa wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan magani kullum, kada jiki ya ƙi ta. Mai ciki jikinta ne ke haɗa nata maganin. Babba a ciki shi ne sinadarin furojestaron, wanda ma'ajiyar ƙwai ke samarwa da farko, sannan mabiyiya ta karɓi aikin wajen mako na 10. Shi da wani sinadarin mai suna istrojin suna sassauta ƙwayoyin garkuwa masu saurin kai farmaki, suna ƙara yawan waɗanda aikinsu shi ne ba da haƙuri. Ɓangaren da ke haɗa makaman yaƙar cuta a cikin jini bai tsaya ba, shi ya sa allurar rigakafin da ake yi a wurin awo take kamawa, har jariri ya samu rabonsa.

Maleriya kuma tana da wata dabarar ta daban. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan manne a jikin mabiyiya su taru a can. Kariyar da kika tara tun kina yarinya ba ta san wannan salon ba, sai a cikin fari jiki ke fara koyonsa, kariyar ta ƙaru a ciki na biyu da na uku. Shi ya sa mai cikin fari ta fi shan wuya. Abin da ya fi damuna ma shi ne wadda ba ta jin zazzaɓin: tana ta harkokinta, jininta na raguwa, a ƙarshe a haifi jariri ɗan mitsitsi.

Wannan sassaucin na garkuwa yana da ranarsa ga wasu. Mata da yawa masu amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwa ce da kanta ke cin gaɓar, sukan samu sauƙi da ciki, sai ciwon ya dawo musu a watannin jego.

Ki riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani, ko da ana zafi. A wurin awo ki tambayi maganin kariya na SP, wanda aka fi sani da Fansidar: ana fara shi daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. In jikinki ya yi zafi kada ki aika yaro kemis, ki je a gwada ki a ranar, a duba yawan jininki kuma.