Ina so in cire Moment.js daga laburarena, me zai faru da masu amfani da shi?

Tambaya: Malam, na rubuta wani ɗan laburare (shiryayyen aiki da wasu ke ɗauka su saka a manhajarsu) a yaren kwamfuta na JavaScript, mai lissafa ranar zubin adashe. Abokaina a unguwannin Agege da Yaba na Legas sun saka shi cikin manhajojinsu. Da Moment.js, laburaren lissafin kwanan wata, yake aiki, ni kuma nauyin Moment ɗin ya ishe ni. In na cire shi, abin da suka gina zai lalace?

Amsa: Ƙanina, ban ga laifinka ba. Tun Satumbar 2020 masu kula da Moment suka ce sun daina ƙara masa sabon abu. Amma kafin ka taɓa package.json, fayil ɗin da ke jera laburaren da aikinka ya dogara da su, duba me laburarenka yake miƙa wa mutane.

In abin da yake mayarwa na Moment ne, to ka tabbata wani a Yaba ya riga ya liƙa masa .format() ko .add(). Ranar da ka miƙa masa Date zalla, wato kwanan wata na JavaScript kansa wanda ba shi da waɗannan, manhajarsa za ta tsaya cak.

In kuwa rubutu kawai yake mayarwa, da sauƙi, amma akwai rami. Ce wa Moment ya ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairun 2025, zai ba ka 28 ga Fabrairu. Yi haka da setMonth, umarnin sauya wata na Date, sai ya zarce zuwa 3 ga Maris. Babu wani saƙon kuskure da zai fito, sai dai uwar adashe a Mile 12 ta ga zubin Fabrairu ya ɓace daga jadawali. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin manhajar da ta tsaya ai ana gani. Rubuta gwaji kan ƙarshen kowane wata da 29 ga Fabrairu tun Moment yana nan, sannan ka cire.

Akwai kuma masu cin arzikinka ba ka sani ba. Tun siga ta 3 ta npm, manhajar da ke sauko da laburare, ake zube yawancinsu wuri guda a foldar node_modules, don haka wani yana kiran Moment kai tsaye alhali bai taɓa rubuta shi a nasa jerin ba. Laifinsa ne, amma kai zai kira a waya.

Ni da ni ne, zan fitar da siga ta 1.5.0 da gargaɗi, in ba su 'yan makonni, sannan in cire a 2.0.0. Wanda ya rubuta ^1.4.2 a package.json ɗinsa, sigogin da suka fara da 1 kawai zai samu, ba zai ja 2.0.0 ba sai ya ga dama.