Dalilin da ya sa nake zaunar da kai kana sauraron tsofaffin faya-fayen Turawa

Habibu, daren jiya muna naɗe wayoyi bayan bikin Tudun Wada ka yi mini tambayar da na ga alamar ta daɗe tana cin ka. Ka ce: "Oga, masu ɗaukar mu aiki waƙoƙin Hausa suke so, me ya sa kullum da safe kake sa ni sauraron kiɗan Turawa na zamanin da ba a haife ni ba, wanda ko kalmominsa ba na ganewa?" Gajiya ce ta hana ni ba ka amsa a wurin, shi ya sa na zauna na rubuta maka.

Rashin gane kalmomin nan shi ne ma abin da nake nema. Idan na sa maka Shata, hankalinka zai bi maganarsa, ka yi ta dariyar zambo da habaici, har waƙar ta ƙare ba ka lura da kalangu nawa ke bayansa ba, balle inda 'yan amshi suke shigowa. Idan kuwa harshen baƙo ne a wurinka, babu abin da ya rage maka sai sautin kansa, kuma shi ne aikinmu.

Fara da kiɗan rok. Lokacin da ƙungiyar Beatles ta naɗi kundinta na 1967 a situdiyon Abbey Road da ke Landan, na'urar da aka yi aikin da ita layi huɗu kacal take ɗauka, wato gurbi huɗu na naɗar sauti daban-daban. Idan layukan suka cika, sai a haɗe su a juye kan layi ɗaya na wata na'urar domin a sami gurbi, kuma abin da aka haɗe ya haɗu ke nan, babu damar a dawo gobe a ce a rage ganga. Wannan ƙunci ya tilasta musu su yanke shawara tun da wuri a kan abin da waƙa take bukata. Kai kuwa kwamfuta ta ba ka layi ba iyaka, shi ya sa waƙar amaryar da ka haɗa makon jiya ta cika da fiyano uku da sarewa biyu da tafi, har muryar mawaƙin ta nutse kamar mai magana a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ranar jajibirin salla. Akwai kuma abu na biyu da rok zai koya maka, wato bambanci tsakanin ƙazantar sauti ta ganganci da ta kuskure. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga takardar sifikarsa domin jitarsa ta yi gurnani, kuma mutane da yawa suka bi sahunsa. Amma ka kasa kunne da kyau, za ka ji jitar ce kaɗai take gurnani, murya da ganga suna nan garau. Idan kai ka tura amfilifaya har jar fitila ta kama, komai ne yake dagulewa tare, kuma wannan ɓarna ce ko da wane suna aka kira ta.

Kiɗan pop shi ne wanda yara irinku suka fi rainawa, ni kuwa shi na fi girmamawa. Berry Gordy, wanda ya kafa kamfanin Motown a birnin Ditiroyit na Amurka a 1959, ya taɓa yin aiki a masana'antar harhaɗa motoci, kuma ya san cewa mafi yawan masu sauraronsa a rediyon mota ko ƙaramar rediyo mai batir za su ji waƙa. Saboda haka a kan 'yan ƙananan sifikoki ake gwada aikinsu kafin ya fita, ana ɗaga tafi da kacau-kacau domin su ratsa ƙugin injin, amshi yana zuwa da wuri, waƙa kuma tana ƙarewa cikin minti uku ko kusa da haka. Ka taɓa tambayata amfanin tsohuwar rediyon nan mai fasasshen murfi da na ajiye kusa da miksa, na'urar haɗa sautuka. To, amfaninta ke nan. Aikinmu ba a cikin situdiyo ake jin sa ba, a wayar mai shayi a Kwangila ake jin sa, da cikin Keke Napep mai zuwa Samaru, kuma duk waƙar da ta mutu a cikin rediyon nan ba na barin ta ta fita daga shagona.

Kiɗan rawa kuwa ba a auna shi a zaune, kuma nan ne ka fi yin kuskure da ka ce maimaici ne kawai. Disko na shekarun 1970 an gina shi ne a kan babbar ganga mai bugu huɗu daidai wa daida, kusan bugu 120 a minti ɗaya, domin ƙafa ta sami abin dogaro. A 1977 Giorgio Moroder ya yi wa Donna Summer wani kiɗa a birnin Munik na Jamus wanda kusan dukkansa daga na'urar Moog mai ƙirƙirar sauti da lantarki ya fito, kuma daga wannan hanya aka gangaro zuwa kiɗan hawus na Shikago, inda Frankie Knuckles yake juya faya-fayai a wani gidan rawa mai suna Warehouse. Na'urar ganga ta Roland TR-808 da ta fito a 1980 ba ta yi kasuwa ba da farko, sai da ta koma kayan gwanjo matasa marasa kuɗi suka saye ta, yau kuma amon gangarta yana cikin kwamfutarka kana amfani da shi ba ka san asalinsa ba. Hikimar wannan kiɗa tana cikin cirewa. Mai kiɗan zai ɗauke bes, wato amon nan mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗa, na ɗan lokaci, jama'a su ji kamar an janye musu tabarma, sannan ya dawo da shi fili ya rikice. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗin kalangu ya tsaya cak a tsakiyar rawar 'yan mata, sannan ya saki hannu, ya san wannan dabara tun kafin Turawa su sa mata suna.

Ni ma da tsada na koye ta. Ina sabon shiga, a wani biki a Gyallesu, na ɗauka cewa ƙara bes shi ne ƙara armashi, na yi ta murɗawa har sifikoki biyu na maigidana suka ƙone, warin waya ya cika wurin, amarya tana tsaye a fili. Wata huɗu na yi ina biya daga sallamata.

Kada kuma ka ɗauka cewa kiɗan nan baƙo ne gaba ɗaya. James Brown ya zo Legas a 1970, Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya naɗi kundi a can a 1973, kuma salon gangar Tony Allen, makaɗin Fela, ya zama abin koyi ga makaɗan Turai da Amurka. Shi kuwa Auto-Tune, manhajar kwamfutar da kuke lafta wa kowace murya, ya fito ne a 1997, an yi shi domin gyara ɗan kaucewar murya a ɓoye, sai waƙar Cher ta 1998 ta mayar da shi ado. A ganina kun wuce gona da iri a kansa, har mawaƙa goma su yi waƙa a kasa bambance su.

Ban ce dole ka so duk abin da na sa maka ba. Ni kaina rok mai tsananin ihu yana sa ni ciwon kai. Gobe bayan ka share shago za ka tarar na ware maka faya-fayai uku, ɗaya daga kowane iri. Ka saurari kowanne sau biyu, na farko ka bi bes kaɗai, na biyu ka ƙirga kayan kiɗan da ke bugawa a lokacin da mawaƙi yake rera baiti. Sannan ka buɗe waƙar amaryar nan, ka kashe rabin layukanta, ka kira ni mu saurare ta a tsohuwar rediyo.